Tambaya da Amsa: Dunƙulen Shamfu Mai Ƙamshin Lubban

Wasiƙun wannan fitowa sun karkata ga dunƙulen shamfu, wanda ake riƙewa a hannu ba na kwalba ba, musamman mai ƙamshin lubban da sauran ƙaron itatuwa da ake turaren wuta da su. Mun haɗe tambayoyin da suka yi kama da juna, masu haɗa kayan gyaran gashi da masu sana'ar turare suka amsa.

Daga wata mai karatu, Kano: Assalamu alaikum. Na sayi wani dunƙule da aka ce shamfu ne mai lubban. Ƙamshi kam ba a magana, amma bayan 'yan wanke-wanke gashina ya yi tauri, yana danƙo, mataji ba ya shiga. Lubban ɗin ne bai karɓe ni ba?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Da wuya a ce laifin lubban ne. Abin da kika kwatanta alamar sabulu ce, don iri biyu ake sayarwa da suna ɗaya. Na farko sabulu ne zalla: mai da soda aka haɗa. A ma'aunin pH, wanda lambarsa ke hawa da kaifin soda tana sauka da tsami, yana kaiwa 9 zuwa 10, alhali fatar kai tana wajen 5.5, silin gashi ma ya ɗan fi haka tsami. Kowane sili yana da 'yan ɓawo-ɓawo da suka kwanta kan juna. Abu mai kaifin soda yana kumbura silin ya ɗaga su, sai gashi ya riƙa harɗewa, ya rasa sheƙi. Wadda ta yi rilaksa ko rini ta fi jin wannan a jikinta, domin ɓawon gashinta ya riga ya yi rauni.

Danƙon kuma daga ruwa yake. Ruwan rijiya da na bohol a wurare da yawa yana ɗauke da sinadaran kalsiyam da magniziyam, idan suka haɗu da sabulu sai su zama wani farin dattin da ba ya narkewa, ya manne a gashi. Ki gwada ruwanki: ki zuba shi zuwa sulusin gora, ki kankare sabulu kaɗan a ciki, ki girgiza sosai. In kumfa ta tashi ruwan ƙasa ya yi garau, ruwanki mai laushi ne. In kumfar ba ta taka kara ta karya ba, ruwan ya gurɓace da farin gari-gari, to ga amsarki nan.

Iri na biyu ba a sa masa soda. Da sinadaran wanki masu sauƙi ake yin sa, wanda ya fi shahara shi ne SCI, da ake samowa daga man kwakwa. Danginsa ne aka yi sabulun Dove da shi tun fitowarsa a Amurka a 1957. Wannan ana iya daidaita shi a pH 5 zuwa 6, kuma ruwa mai nauyi, wato mai kalsiyam ɗin nan, ba ya hana shi kumfa. Shi muke ba da shawara a kai ga gashinmu mai murɗe, wanda dama saurin bushewa gare shi.

Kafin ki ƙarasa wanda ke hannunki, bayan kin ɗauraye ki zuba ruwan khal cokalin cin abinci ɗaya a ruwa rabin lita, ki kwarara a kai, ki bar shi minti biyu, ki sake ɗaurayewa. Danƙon zai saki. Gaba kuma ki tambayi mai sayarwa kai tsaye: da soda aka yi ko da SCI?

Daga wani mai sayar da kayan ƙamshi, Gusau: Malamai, lubban iri-iri ne a kasuwa. Wanne ya dace da wannan aiki, kuma yaya ake gane na jabu?

Malam, duk lubban na gaskiya daga itatuwan dangin Boswellia yake. Ana kankare ɓawon itacen da wuƙa, farin ruwa mai kauri ya tsattsafo, a bar shi kamar mako biyu ya daskare, sannan a kwashe. Wanda ya fi suna shi ne Boswellia sacra na yankin Zufar a Oman, da Yaman, da Somaliya. Zaɓaɓɓensa ake kira hojari, fari ne mai ɗan ratsin kore, ƙamshinsa da ɗan lemu-lemu. Darajar wannan fatauci ta sa UNESCO ta sanya wurare huɗu na Zufar, ciki har da Wadi Dauka da tsohuwar tashar ruwa ta Al-Balid kusa da Salala, cikin kayan tarihin duniya a shekarar 2000. Akwai maidi na Somaliya, wato Boswellia frereana, wanda ake taunawa. Ga mai jiƙawa a mai shi ya fi sauƙin aiki, don kusan duka yake narkewa. Akwai Boswellia papyrifera na Habasha da Eritiriya da Sudan, wanda ya fi yawa a kasuwa, ya kuma fi araha.

Muna da namu a gida: hano, wasu su ce ararraɓi, Boswellia dalzielii. Shi ne itacen nan na kan duwatsu mai ɓawo siriri da ke saɓulewa da kansa, wanda kan yi fure da rani bayan ya zubar da ganye. Ƙaronsa lubban ne sak, ƙamshinsa mai sanyi ne mai ratsa hanci, kuma ya isa wannan aiki. Ƙaron maje da na dashi ma ana turare da su, sai dai ƙamshinsu ya fi nauyi, na dashi har da ɗaci-ɗaci, don haka kaɗan ake ɗiga su a bayan lubban.

Algus da abu biyu aka fi yi. Na ɗaya ƙaron dakwara, wanda ba shi da ƙamshi: jefa shi a ruwa ka bari ya kwana, zai narke ƙurmus, a garwashi kuma ƙonewa kawai yake yi da ƙauri. Lubban na gaskiya yana mai da ruwa fari, amma yawancinsa yana nan kwance bai narke ba. Na biyu ragowar ƙaron itacen fain da aka tatse mansa: yana sheƙi, yana fashewa da zarar an ƙwanƙwasa, a wuta ya narke ya yi baƙin hayaƙi. Wannan shi ne abin gudu, domin sananne ne wajen jawo ƙaiƙayi da ƙuraje a fata. Kada ka sayi lubban da aka riga aka niƙa. Sayi tsakuwarsa, ka murza guda tsakanin yatsu har ya ɗumama, ka shinshina.

Daga wata mai haɗa turaren wuta, Maiduguri: Ina da turaren wuta haɗin hannuna, da gabgab da sandal da lubban. Zan iya daka shi in zuba a shamfu? Ko in turara dunƙulen a kan kasko?

Hajiya, kada ki daka haɗaɗɗen turaren wuta ki zuba. Kin fi kowa sanin abin da ke ciki: itace, sukarin da aka ƙona, da turarukan ruwa da aka yi don wuta da tufafi, ba don fatar kai ba. Sukari zai jawo laima dunƙulen ya riƙa naso, garin itace ya maƙale a gashi ya ƙi fita, wasu turarukan kuma su ƙona fata. Ko garin lubban zalla ba ya yi. Lubban kashi uku ne a haɗe: kusan kashi 60 zuwa 70 cikin 100 ƙaro ne mai narkewa a mai, kusan kashi 30 danƙo ne mai narkewa a ruwa kawai, sai kashi 5 zuwa 9 man ƙamshi mai tashi a iska. In kika zuba garinsa, ruwan wanka zai jiƙa danƙon, ƙaron kuma ya zauna tsaki-tsaki yana kartar fata yana manne wa gashi.

Turara dunƙule a kan kasko kuma saman kawai yake kamawa, wanki ɗaya ko biyu ya tafi.

Hanya biyu ce ke aiki, kuma haɗa su ya fi. Ta farko jiƙaƙƙen mai. Ki sa lubban giram 20 a firiza na awa biyu, don in da ɗumi kika daka shi zai laƙe a turmi. Ki daka shi da sanyinsa, ki zuba a kwalba mai murfi tare da mai giram 100. Man zaitun mara ƙarfin wari ko man kwakwa tatacce sun fi, man riɗi yana danne ƙamshin. Ki shimfiɗa tsumma a gindin tukunya, ki ɗora kwalbar, ki zuba ruwa zuwa rabinta, ki riƙe zafin ruwan tsakanin digiri 60 da 70 na awa uku zuwa huɗu, kina girgizawa duk rabin awa. Murfin ya zauna a kai, amma kada ki ɗaure shi tamau. In ruwan ya tafasa, ƙamshin da kike nema ya bi tururi. Ki tace da farin ƙyalle mai laushi tun da ɗumi. Abin da ya rage a ƙyallen danƙon nan ne, ba alamar aiki ya ɓaci ba. Ɗigon ruwa kada ya shiga kwalbar, yana sa mai ya yi wari da wuri. Wadda ba ta gaggawa za ta iya barin kwalbar a inuwa mako huɗu zuwa shida ba tare da wuta ba.

Sai dai a yi lissafi. Dunƙule mai giram 100 ba ya ɗaukar wannan mai fiye da giram 6, in ba haka ba kumfa ta mutu. A cikin giram 6 ɗin nan, man ƙamshin da ke ciki bai kai kashi ɗaya cikin goma na giram ba. Zai ba da wani ɗumi mai zurfi a ƙasan ƙamshi, amma shi kaɗai ba za a ji shi daga nesa ba. Shi ya sa ake buƙatar hanya ta biyu, tataccen man lubban, wanda ake tatsowa da tururi. Kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyin dunƙule ake sawa, ba a wucewa. Kilo guda na lubban giram 50 zuwa 90 kawai yake bayarwa, don haka duk babbar kwalbar da aka sallama miki da araha an tsinka ta. Ki ɗiga a farar takarda: na gaskiya yana bushewa bai bar zoben maiƙo ba.

Abin da za mu faɗa wa kowa a fili shi ne abin da ake ɗaurayewa ba ya barin ƙamshi mai yawa. Shamfu zai ba ki ƙamshi lokacin wanka da ɗan saura na 'yan sa'o'i. Wanda ke kwana a gashi daga kasko yake zuwa, kuma wannan ku mutanen Borno da Chadi da Sudan kun daɗe da sanin sa. A tsane gashi da tawul ya rage laima kaɗan, a bar garwashi ya yi toka a kansa kafin a ɗora lubban don kada ya ƙone, a nisanta kai da kasko kamar kamu biyu, minti uku zuwa biyar, taga a buɗe. Mai asma ta haƙura. Mai ƙarin gashin roba kada ta kusanci garwashi ko kaɗan.

Daga wata ɗaliba mai koyon sana'a, Zariya: Don Allah ku ba mu cikakken awo na wanda ba a sa wa soda.

Ga awon giram 100, wato dunƙule biyu masu giram 50. Sai da ƙaramin sikeli mai nuna 0.1, cokali da ƙiyasin ido ba sa aiki a nan.

Kwano na ɗaya: garin SCI giram 60, ruwan CAPB giram 12, gilisarin giram 2. Kwano na biyu: sitil alkohol giram 7, BTMS-50 giram 5, man kaɗe giram 4. Kwano na uku, wanda ba ya hawa wuta: jiƙaƙƙen man lubban giram 6, fantenol giram 1.5, tataccen mai giram 1.5, bitamin E giram 0.5, maganin hana fumfuna giram 0.5. Ana samun su wajen masu sayar da sinadaran haɗa man shafawa.

Kowanne da aikinsa. SCI ne mai wanki. CAPB yana taimaka masa narkewa, yana rage masa zafi, yana ƙara kumfa. Sitil alkohol ne ke ɗaure dunƙulen ya yi ƙarfi. BTMS-50 ke sa gashi santsi mataji ya wuce. Bitamin E man kawai yake karewa daga wari, ba ya kashe ƙwayoyin cuta, shi ya sa ba ya maye gurbin maganin fumfuna. Dunƙulen da zai zauna a banɗaki yana jiƙewa kullum yana buƙatarsa. In Liquid Germall Plus kika samu, 0.5 ɗin nan shi ne iyakarsa, kuma ba a zuba shi a abin da ya haura digiri 50.

Ki sa takunkumi kafin ki buɗe ledar SCI, ki kashe fanka. Garinsa yana tashi, yana shaƙe maƙogwaro. Ki ɗora kwano na ɗaya a kan tukunyar ruwan da ke ɓararraka a hankali, kina dannawa da bayan cokali kina juyawa, minti 15 zuwa 25, har gari ya ɓace ya zama abu guda mai sulɓi. A nan mutane suka fi gajen haƙuri. Ki narkar da kwano na biyu haka nan a kan ruwan zafi, wajen digiri 70, ki juye a na ɗaya, ki gauraya, ki sauke. Idan ya huce zuwa digiri 45 ko 50, ki zuba kwano na uku, ki sa safar hannu ki murza da sauri. Ya kamata ya zama kamar kwaɓin cincin, yana haɗuwa ba ya bin hannu.

Kafin ki zuba a mazubi ki gutsuri giram 1, ki narkar a ruwa mai tsabta giram 9, ki tsoma takardar gwajin pH. Tsakanin 5 da 6 ake so. In ya haura, ki narkar da sitirik asid da ruwa daidai wa daida, ki ɗiga biyu ko uku a kwaɓin, ki murza, ki sake gwadawa. Kada ki saukar da shi ƙasa da 5, SCI yana lalacewa a tsami mai yawa. In kuma mai shago ya ba ki SCS, wani sinadarin wanki daban, a madadinsa, ki sani shi da kaifinsa yake zuwa, dole a sauke shi da tsami, kuma ya fi busar da gashi.

Ki danna shi a mazubi da ƙarfin gaske, ki cusa kaɗan ki danne, ki ƙara ki danne. Ki sa a firji awa ɗaya, ki fitar, ki jera a inuwa inda iska ke ratsawa kwana uku zuwa biyar.

Tataccen man nan giram 1.5 kada ya zama lubban zalla. A ire-iren lubban da yawa sinadarin alfa-fainin ne ya fi yawa a mansa, shi kuwa mai saurin tashi ne. Ki yi lubban 1.1, man jema 0.2, man sandal 0.2. Masu nauyin nan biyu ke riƙe shi.

Wajen amfani, a jiƙa kai sosai, a raba gashi gida huɗu, a murza dunƙulen a tafin hannu a kai kumfar ga fatar kai, a cuɗa da tsokar yatsu ba farce ba. Goga dunƙule a tsawon gashi yana harɗa shi. Wadda ke da kitso a kai ta kankari kaɗan ta narkar a ruwan ɗumi cikin gora, ta bi layin tsaga, abin da ya rage ta zubar a ranar.

Daga wata mai sana'a, Sakkwato: Nawa wani lokaci ya yi laushi ya narke a leda, wani lokaci ya farfashe, ƙamshin kuma bayan wata biyu babu shi.

Laushin zafi ne, 'yar'uwa. Man kaɗe yana fara narkewa tun zafi bai kai digiri 40 ba, sitil alkohol wajen 49, kuma kin san yadda shago mai rufin kwano yake a watan Afrilu a Sakkwato. Da bazara ki cire man kaɗen ki sa sitiyarik asid giram 4, wanda sai wajen digiri 69 yake narkewa. In har yanzu da laushi, ruwa ya yi yawa: ki rage CAPB zuwa giram 10, ki mayar da biyun ga SCI. Nason da yake yi da damina gilisarin ne ke jawo laima, ki cire shi gaba ɗaya a lokacin.

Farfashewa kuma ko dai SCI bai narke ya gama ba, ko kwaɓin ya huce kafin ki danna, ko dannawar ba ta yi ƙarfi ba. Bai ɓaci ba. Ki marmashe shi, ki mayar kan ruwan zafi da CAPB giram 1 ko 2, ya yi laushi ki ƙara ɗan tataccen mai tunda wani ya tashi, ki sake dannawa. Da hunturu kada ki shanya shi a bakin taga, saman zai bushe kafin ciki ya tsattsage.

Ƙamshi yana gudu ta hanya uku: an zuba shi da zafi, ba a sa mai riƙe shi ba, ko an bar dunƙulen a buɗe. Da ya bushe ki naɗe kowanne a takarda mai kakin zuma, ki sa a gwangwani mai murfi, nesa da rana. Kwalbar tataccen man ma ki lura da ita. In ta daɗe a buɗe iska tana sauya alfa-fainin, ƙamshin ya koma na fenti, kuma irin wannan tsohon mai ne ke jawo wa mutane ƙaiƙayi. Ki saye shi kaɗan-kaɗan, a kwalba mai duhu, ki ƙarar cikin shekara ɗaya zuwa biyu.

Daga wani magidanci, Damagaram: A nan soda kaɗai muke samu. Babu yadda za a yi da ita?

Akwai, Malam, in an yarda sabulu ne, ya fi dacewa da gajeren gashin maza da gemu da jiki. Man zaitun giram 150, jiƙaƙƙen man lubban da aka yi da zaitun giram 50, man kwakwa 150, man kaɗe 100, man zurma 50. Ruwa giram 140, sitirik asid giram 10, soda giram 76. Ka narkar da sitirik asid a ruwan tukuna, sannan ka zuba soda a ruwa kaɗan-kaɗan. Ba a taɓa zuba ruwa a kan soda, tana iya tartsatsi. A waje za ka yi, da safar hannu da tabarau, a roba mai kauri ko ƙarfen da ba ya tsatsa, ban da tukunyar alminiyam. In ta taɓa fata, ruwa mai yawa na minti 15 zuwa 20. In ido ne, a wanke a tafi asibiti.

Sitirik asid ɗin ba don rage kaifi ba ne, sabulu ba ya sauka pH 5 ya zauna sabulu, rabuwa zai yi ya koma maiƙo. Aikinsa kama kalsiyam na ruwa don dattin nan ya ragu, kuma giram 6 daga cikin sodar nasa ne. In ka canja mai ko da guda, awon soda ya canja, sai an sake lissafi.

Ka haɗa ruwan soda da mai duka suna digiri 35 zuwa 40, ka juya da hannu, kada ka sa inji. Ƙaron lubban shi ma yana cin soda, yana sa haɗin ya kama farat ɗaya, don haka mazubi ya kasance a shirye kusa da kai. Da ya fara kauri ka zuba tataccen mai giram 12, ka juya, ka juye. A fitar bayan kwana ɗaya ko biyu, a yanka, a shanya a inuwa mako huɗu zuwa shida.

Daga wata uwa, Jos: An ce yana maganin amosani, yana tsirar da gashi. Ɗana yana da makero, in saya masa?

A'a, Mama, ki kai shi asibiti. Makero fumfuna ce da ke shiga cikin silin gashi, abin shafawa ko wankewa ba ya isa gare ta. Maganin sha ake bayarwa na makonni, irin su girisiyofulbin ko tabinafin, bisa awon likita, kuma a raba masa mataji da hula da aska. Jinkiri yana iya barin tabon da gashi ba zai sake fitowa ba.

Amosani yawanci wata fumfuna ce mai suna Malassezia da ke cin maiƙon kai. Shamfu mai ketokonazol kashi 2 cikin 100, sau biyu a mako, a bar shi minti uku zuwa biyar, na mako biyu zuwa huɗu, shi ne abin da aka tabbatar. Sinadaran lubban da ake bincike a kansu don kumburin gaɓoɓi suna da nauyi, ba sa bin tururi, don haka babu su a tataccen mai. Ɗan abin da ke cikin jiƙaƙƙen mai kuma minti biyu yake a kai a ɗauraye shi. Gashin goshi da ke zubewa sau da yawa kitso mai tsauri ne, a sassauta hannu tun saiwar ba ta mutu ba. A sayi wannan shamfu don wanki mai sauƙi da ƙamshi, kada a ɗora masa abin da ba nasa ba. Jarirai da ƙananan yara a yi musu mara turare. Babba kuma ya gwada kumfar a cikin gwiwar hannu, ya jira kwana biyu ya gani.

Daga wata maniyyaciya, Katsina: Zan iya tafiya da shi aikin Hajji? Kuma na ga an rubuta alkohol a jikinsa.

Hajiya, Allah ya sa a yi karɓaɓɓiya. Dokar mililita 100 ta jakar hannu a jirgi ruwa ta shafa, dunƙule yana wucewa. Amma mai harami ba ya amfani da turare, don haka ki tafi da mara ƙamshi, mai lubban ya jira sai kin sauke harami. Sitil alkohol ba giya ba ne, farin abu ne mai ƙarfi da ake samu daga man kwakwa ko manja, ba ya bugarwa. Abin da ya fi cancanta a bincika shi ne sitiyarik asid da gilisarin, don ana yin su daga tsirrai ana kuma yi daga kitsen dabba. A nemi na tsirrai.

Daga wata mai shirin buɗe kasuwanci, Kaduna: Me ya kamata in tanada kafin in fara sayarwa?

Rajistar NAFDAC, domin kayan kwalliya suna ƙarƙashinta. A takardar jiki ki rubuta duk abin da ke ciki, nauyi, ranar haɗawa, ranar ƙarewa, lambar zubi da adireshinki, ki kuma bayyana ko sabulu ne ko na SCI. Kada ki rubuta yana warkar da wata cuta. Daga kowane zubi ki ajiye guda ɗaya da kwanan wata, don in an kawo ƙorafi ki sami abin dubawa.

Ki kuma san inda lubbanki ya fito, wannan ya dame mu ƙwarai. Binciken da aka wallafa a mujallar Nature Sustainability a 2019 ya nuna dazukan Boswellia papyrifera da yawa sun yi shekaru babu sabon tsiro, ya kuma yi hasashen abin da ake samu zai ragu da rabi cikin shekara 20, saboda yawan sara da gobarar daji da kiwo. A Eritiriya an gano irin itacen da aka matsa wa da sara kashi 16 cikin 100 kawai ke tsirowa, na wanda aka hutar kuwa ya haura 80. Hanonmu ma yana shan ɓarar masu neman saƙe-saƙi, wanda aka ɓare wa ɓawo zagaye kuma mutuwa yake yi. In za ki sayi ƙaron hano daga masu shiga daji, ki sharɗanta musu 'yan ƙananan kankara a itacen da ya girma, ba zagaye ba, kuma a hutar da itace bayan 'yan shekarun tatsa. Buƙatarki ba ta da yawa: giram 20 na ƙaro yana ba da jiƙaƙƙen man da zai ishi dunƙule talatin masu giram 50.